Abin da Aka Cire wa Inna Rakiya

Na yi shekara talatin da 'yan kai ina aikin jinya a Duwala. Na ga abubuwa da yawa, na kuma manta da yawa, amma akwai wata Alhamis da har yau ta ƙi fita daga raina: ranar da aka miƙo mini takardar tambayoyi aka ce in je in auno yawan baƙin cikin Inna Rakiya. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, ku zauna ku ji, domin irin wannan ba a koyar da shi a makaranta.

Lokacin kuwa shekarun matsi ne, wato bayan an zaftare albashin ma'aikata, darajar kuɗinmu na sefa kuma ta faɗi. Asibiti ya zama gini da gadaje kawai. Idan za a yi wa mutum tiyata, likita zai rubuta masa jerin kaya: safar hannu, zaren ɗinki, auduga, bandeji, ruwan ƙari, har maganin sa barci. Dangi su bazama kantunan magani su nemo. Wanda bai kawo ba ya jira. Na sha ganin mata sun shimfiɗa tabarma a baranda sati biyu, sati uku, ciwo na ci, ana jiran zare.

Ga yadda sashenmu na tiyata yake. A sama akwai farfesa shugaban sashe, kowa na ce masa Patron, wato maigida. Ƙarƙashinsa akwai ƙananan likitoci masu neman ƙwarewa, sannan majo, wato shugabar ma'aikatan jinya na ɗakin, sai mu. Ni kaɗai ce a ɗakin mata nake jin Hausa da 'yar Fulatanci, don haka duk macen da ta fito daga unguwanninmu na New Bell, ko ta sauko daga arewa, ni ake kira in yi tafinta. Ba a rubuta wannan a takardar aikina ba, amma ya fi rabin aikina.

A cikin wannan hali ne Patron ya samo wani aikin bincike tare da wasu likitocin ƙasar waje, a kan sankarar mama. Tsarin abin uku ne. Za a yi wa mace tiyata bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa. Za a ɗebi ɗan yanki daga abin da aka cire a aika waje a duba. Sannan a riƙa yi mata tambayoyi kan halin da zuciyarta ke ciki, kwana uku bayan tiyata, da kuma bayan wasu watanni. Duk wadda ta shiga, ana ba ta kwali guda cike da kayan tiyata kyauta. A ɗakinmu “matan kwali” muke ce musu.

Kafin a shigar da mace sai ta sa hannu a takardar amincewa, shafi huɗu, duk da Faransanci. Wadda ba ta iya rubutu ba ta dangwala yatsa, wani ya sa hannu a matsayin shaida. Bari in faɗi laifina tun yanzu, kada ku ɗauka ni waliyiya ce. Ni ma na sha taƙaita shafi huɗun nan da jimla ɗaya. “Inna, dangwala nan, takardar aikin da za a yi miki ce.” Sai ta dangwala. Ina ce wa raina ai taimakonta nake yi, ga kwali ya samu.

Satin da aka kawo Inna Rakiya ba na nan. Surukata ta rasu, na hau jirgin ƙasa na tafi Gaundare zaman makoki. Na dawo aiki ranar Alhamis da safe, ko rigar aiki ban gama ɓalle maɓallanta ba sai ga Dakta Alain, ƙaramin likitan da ke riƙe da takardun binciken.

“Madam Binta, gara da kika dawo,” in ji shi. “Akwai wata 'yar garinku a gado na shida. Yau kwana uku da tiyata. Ba ta ci, ba ta magana, jiya ma ta fizge robar da ke fitar da ruwan ciwo. Ki cike mini takardar tambayoyin nan. In makin ya yi yawa, Patron zai sa hannu a mayar da ita sashen masu taɓin hankali.”

Na duba takardar, na ga har ya riga ya yi 'yan alamu da fensir a wuraren da yake ganin amsar za ta faɗa. Da na ga sunan kuwa sai na gane ta. Wa bai san Inna Rakiya mai kifi ba a unguwarmu? Tun ina yarinya nake ganinta. Kullum da sassafe tana Youpwé wajen masu jiragen kamun kifi, ta saro ɗanye ta zo ta banda, ta kai kasuwa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ta riƙe 'ya'yanta bakwai da hayaƙin kifin nan. In tana ciniki da masunta da turancin kasuwa, wato buroka, daga nesa za ka ji muryarta. Wai wannan matar ce ba ta magana.

Na same ta kwance ta juya fuska ga bango. Kwanon kunu na gefe, ya yi sanyi har ya yi fata. Na gaishe ta, shiru. Na sake gaisuwa, shiru. Maimakon in ajiye takarda in zauna kamar 'yar mutane, sai na jawo kujera na fara karanto tambayoyi ina juya su zuwa Hausa. Inna, kina samun barci? Inna, kina jin daɗin abinci? Inna, kina yawan kuka ba dalili? Ko motsi ba ta yi ba. Har na zo kan wata tambaya da ke cewa ko tana jin ta rasa wani abu mai muhimmanci a rayuwarta.

A nan ta juyo a hankali, tana dafe da gefen ƙirjinta. Ta daɗe tana kallona.

“Ke ba Binta ba ce, 'yar Malam Isa tela?”

“Ni ce, Inna.”

“To, alhamdu lillahi, an samu mai kunne. 'Yar nan, ina suka kai shi?”

“Me fa, Inna?”

“Nonona. Ina suka kai shi?”

Na yi shekaru a ɗakin nan, ban taɓa jin wani ya yi wannan tambayar ba, ni ma ban taɓa yi wa kaina ita ba.

Sai ta shiga ba ni labari, muryarta a dishe. Ta ce ɗanta Sani ne ya kawo ta, shi ya yi mata tafinta. Ya ce mata wani ɗan ƙullutu ne, za a ɗan tsaga a fitar, ta koma gida. Aka kawo takarda ta dangwala. Da ta farka daga barcin tiyata ta kai hannu, sai ta ji wurin a shafe tun daga tsakiyar ƙirji har hammata. Ta tambayi masu jinya da Hausa, ba su ji ba. Ta tambaya da turancin kasuwa, wanda kowa a ɗakin nan yana ji, sai a dafa ta a ce “kwantar da hankalinki, mama,” a wuce. Ta tambayi Sani, ya tashi ya fita waje. Da ta ga haka sai ta rufe bakinta.

“Ai ba hauka nake ba,” in ji ta. “Magana ce na yi aka ƙi amsawa, to me zan ƙara faɗa? Ko rago aka yanka a gidana, na san inda aka kai fatarsa. 'Ya'ya bakwai na shayar da abin nan. In a bola aka jefa shi ɓeraye na ja, a gaya mini. In yana nan, a ba ni in sa a rufe shi a ƙasa kamar yadda ake yi wa jikin Musulmi. Kafin nan ba abin da zai shiga cikina.”

Ta numfasa, sannan ta yi tambayar da ta fi ta farko nauyi.

“Kuma wai ni wace cuta ce da ni?”

Ku gane abin da nake gaya muku. An yi wa mace mai shekara hamsin da wani abu babbar tiyatar sankara, an sa sunanta a bincike, an ɗebi namanta za a tsallakar da shi teku, amma ba wanda ya furta mata sunan cutar. Sannan aka aiko ni in auna me ya sa take baƙin ciki.

A ƙa'idar aikinmu, ma'aikaciyar jinya ba ta sanar da mara lafiya cutarsa. Wannan na likita ne. Na ce mata, “Inna, ba ni da izinin faɗa, amma na yi miki alkawari zan kawo wanda zai faɗa, ni kuma zan juya miki maganarsa ba ragi.” Ta ce, “Za mu gani,” ta koma ta fuskanci bango.

Na buɗe fayil ɗinta. Ga dangwalen yatsa, ga sa hannun shaida: Sani. Na fita baranda na same shi a tsaye da jakar takardunsa. Sani yana aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa, yana zaune a unguwar Makèpè da matarsa, Faransanci kuwa kamar a bakinsa aka ƙirƙire shi. Na girme shi da 'yan shekaru, tare muka yi makarantar allo.

“Sani, kai ka karanta takardar nan kafin ka sa hannu?”

“Na karanta, Yaya Binta.”

“Ka san za a cire duka?”

“Na sani.”

“To me ya sa ka ce mata ƙullutu ne?”

Ya sunkuyar da kai. “Kin san halin Inna. Da ta ji kalmar cutar nan, da ta ɗaure kayanta ta tafi wurin masu maganin gargajiya, sai dai a kawo mana ita ta ruɓe. Kuma aiki ya tsaya a tasha, jirage ba sa zuwa kamar da. Ba zan iya haɗa kayan tiyata ba. Dakta Alain ya ce in ba ta dangwala ba, babu kwali. Ni na roƙe shi kada a gaya mata. Ya ce ba komai, tunda iyali sun yarda.”

Na yi masa faɗa sosai, har mutanen baranda suka juyo. Na ce uwar da ta riƙe ku bakwai ita ce yau ba za ta iya riƙe maganar jikinta ba? Hawaye suka zubo masa. A gaskiya fushina a kansa bai kai wanda nake yi da namu ba. Shi ɗa ne da tsoro ya kama. Mu fa? Mu ne muka san ƙa'ida, mu ne muke da takarda a hannu. Roƙon da ya yi sauƙi ya kawo mana, shi ya sa muka karɓa da hannu biyu.

Na mayar wa Dakta Alain takardarsa ba komai a kai. Ya ce me ya faru? Na ce matar lafiyar hankalinta ƙalau, ba a gaya mata abin da aka yi mata ba ne. Ya ɗaga kafaɗa ya ce iyali sun amince, kuma a al'adarku ai maza ke yanke shawara. Na ce, “Dakta, wace al'ada? Matar nan ita ke yanke shawarar gidanta tun kana firamare. Kun tambaye ta ta ce a tambayi ɗanta?” Ya ce ba shi da lokacin gardama, gobe a taro zai gabatar da maganar mayar da ita.

Kowace Juma'a da safe ana taron sashe. Patron na zaune a gaba, likitoci da ɗalibai a kujeru, mu masu jinya a tsaye a baya jikin bango. Ba a hana mu magana a rubuce ba, amma ban taɓa ganin wadda ta yi ba. Dakta Alain ya karanto gado na shida: tiyata ta yi kyau, mara lafiya ta ƙi abinci, ta ƙi magana, ba ta ba da haɗin kai, ana neman a mayar da ita. Patron ya zaro alƙalami. Sai na ji hannuna ya tashi sama. Majo ta taka mini ƙafa, ban sauke ba.

“Madam Binta?” in ji Patron.

Na faɗi abin da na ji daga bakin Inna Rakiya, ban ƙara ba ban rage ba. Patron ya cire tabarau.

Dole in yi masa adalci. Ban taɓa ganin mai hannun tiyata kamarsa ba, kuma ya ƙi tafiya waje a lokacin da abokansa suka watse. Amma mutum ne da ba a saba gyara masa magana ba.

“Madam, na ceci ran matar nan ko ban ceta ba?”

“Ka cire cutar, Farfesa. Ba na musu.”

“To kin san abin da zai faru in muka tsaya yi wa kowace tsohuwa lacca? Rabinsu za su gudu. Abokan aikinmu za su kwashe kwalayensu su kai wata ƙasa. Matan da ke kwance a baranda, ke za ki saya musu zare?”

Maganarsa tana da nauyi, kuma ya san tana da shi. Amma na riga na yi nisa. Na ce masa a shafin farko na takardar da shi kansa ya sa wa hannu, an rubuta cewa sai an yi wa mara lafiya bayani da harshen da take ji. Ba mu yi ba, kuma ni ma ina cikin waɗanda ba su yi ba. Sannan na ce, “Farfesa, takardar tambayoyin nan an ce tana auna yadda tiyata ke taɓa zuciyar mace. Amma macen da ta kwanta tana zaton ƙullutu za a cire, ta farka ba nono, ba tiyata ce ke damunta ba, yaudararmu ce. In muka aika wannan makin waje da sunan sakamakon tiyata, ƙarya muka aika.”

Na lura maganar haƙƙin Inna ba ta motsa shi ba kamar wannan ta ƙarshen. Har yau abin yana ba ni haushi in na tuna. Ciwon mace bai isa ba, sai da aka ce bincikensa zai gurɓace. Ya daɗe yana kallon takardar gabansa, sannan ya ce wa majo a rubuta mini takardar neman bayani, wato matakin farko na horo, saboda rashin ladabi a gaban ɗalibai. Ya miƙe ya ce, “Biyo ni. Ki yi tafinta.”

Muka je gado na shida, Sani na biye da mu. Patron ya tsaya a kanta hannuwansa a aljihu, ya fara bayani da sauri. Inna Rakiya ta ɗago ido ta ce, “Binta, ce masa ya zauna. Wuyana na ciwo in ina kallon sama.”

Na juya masa kamar yadda ta faɗa. Ɗalibai biyu da suka biyo mu suka sunkuyar da kai. Patron ya jawo kujera ya zauna.

Ya gaya mata sankara ce. Na faɗa da Hausa ƙarara, ciwon daji, ban ɓoye shi a bayan wata kalma ba. Duk muka zuba mata ido muna jiran kururuwa. Ta ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un,” sannan ta fara tambaya ɗaya bayan ɗaya kamar tana ciniki. An cire duka ko da saura? Zai iya dawowa? 'Ya'yana mata huɗu, su ma yana iya kama su? Hannun nan zai sake ɗaukar daro? Patron yana amsawa, muryarsa tana sauka a hankali. Na ga alamar bai yi zaton irin waɗannan tambayoyin ba.

Da ya gama ta ce, “Gaya masa, da an tambaye ni da na yarda. Na ga yadda cutar nan ta cinye wata maƙwabciyata, ba na son irin wannan mutuwar. Amma da na kira 'ya'yana mata, da na yi alwala, na yi addu'a, na shiga da sanina. Ba a shigar da ni kamar tunkiya ba.” Ta juya ga Sani. “Kai kuma, na san tsoro ne ya sa ka. Allah ya yafe mana. Amma daga yau kada ka sake yi mini tafinta.”

Sannan ta maimaita buƙatarta ta a ba ta nononta a rufe. Patron ya ce abin da aka cire yana ɗakin gwaji; an ɗebi abin da za a duba, sauran ƙonawa ake yi, kuma babu wata ƙa'ida ta mayar wa mara lafiya. Na ce babu kuma ƙa'idar da ta hana. Ya harare ni, ya yagi 'yar takarda ya rubuta layi biyu ya miƙo mini.

A ɗakin gwaji akwai wani dattijo, Malam Hamadu, mutumin Garwa, wanda ya daɗe yana kula da wurin. Na nuna masa takardar. Ya ce na yi sa'a, injin ƙona kaya ya daɗe ba mai, don haka komai yana nan jere cikin robobi da ruwan hana ruɓa. Ya duba lamba ya ɗauko. Ya tsiyaye ruwan, ya ɗauraye da ruwa mai tsabta sau da yawa, ya kawo sabon farin ƙyalle daga cikin kabad ɗinsa ya naɗe da kyau. Na tambaye shi ina ya samo ƙyalle. Ya ce da Hausarsa ta Fulani, “Na daɗe ina ajiye shi. Na san wata rana wani zai tambaya. Ke ce ta farko.”

Ranar Asabar da hantsi Sani ya ɗauka, shi da limamin unguwa, suka kai maƙabarta suka rufe. Ana ruwan sama irin na Duwala. Ya dawo asibiti jiƙe sharkaf, takalmansa duk taɓo, ya durƙusa gefen gado ya ce, “Inna, an rufe. Kusa da inda Baba yake.” Ta dube shi, ta dubi takalman, ta ce, “Binta, ɗumama mini kunun nan.”

Bayan kwana biyu na zauna na karanta mata shafi huɗun nan da Hausa, kalma bayan kalma. Ya cinye mana tun bayan azahar har la'asar. Na gaya mata tana da ikon ta ce a cire sunanta, kuma ba za a fasa kula da ita ba. Ta tambayi abin da za a yi da ɗan yankin da za a aika waje. Na ce za a duba shi don a ƙara fahimtar cutar. Ta ce in zai amfani wasu mata, su riƙe. Ta miƙo yatsa da kanta ta dangwala a sabuwar takarda.

Sai muka koma kan tambayoyin nan na halin zuciya. Ta amsa duka. Barci yana zuwa, abinci ya fara shiga, kuka ta yi sau ɗaya. Da muka kai ƙarshe ta ce, “Saura ɗaya. Rubuta cewa ina jin haushi.” Na duba takardar sama da ƙasa. Akwai gurbin baƙin ciki, akwai na tsoro, akwai na fid da rai. Babu gurbin haushi. Masu takardar ba su taɓa kawowa a ransu cewa mara lafiya na iya fushi da su ba. Na rubuta a gefen shafi da babban baƙi, na miƙa wa Dakta Alain haka nan.

Kada ku zaci an yi mini tafi. Na amsa takardar neman bayani, aka sa ta a fayil ɗina, aka kuma ɗauke ni daga ɗakin mata aka kai ni ɗakin dafa kayan tiyata. Na yi watanni ina wanke almakashi da wuƙaƙe. Majo ta ce na kunyata Patron a gaban yara. Dakta Alain ba wanda ya ce masa uffan. Ba wanda ya ba Inna Rakiya haƙuri, ko da baki. Abin dariya, ko sati ba a yi ba aka fara aikowa a kira ni daga ɗakin wanki in yi tafinta, domin ba wanda zai yi. Na ce zan zo, amma shafi huɗu zan karanta duka. Patron bai ce e ba, bai ce a'a ba. Haka abin ya zama al'ada, ba tare da wani ya taɓa yarda cewa da can kuskure ake yi ba.

Akwai abin da ba zan ɓoye muku ba. Yawancin matan da na karanta wa sun yarda. Amma wata baiwar Allah daga Marwa ta saurara har ƙarshe, ta ce a'a, ta ɗaure kayanta ta tafi. Daga baya na ji ta rasu. Na daɗe ina tunaninta. Da na ce mata “dangwala nan” kawai, wataƙila da ta ƙara wasu shekaru. Patron bai ce mini komai a kai ba, kallona kawai ya yi a hanya. Duk da haka ban koma tsohuwar hanya ba. Jikinta ne, kuma ta ji komai kafin ta zaɓa. Abin da na koya daga nan shi ne in ƙara zama, in ƙara bayani, in nemi a dawo gobe a sake magana, ba in rage gaskiya ba.

Inna Rakiya ta warke ta koma Youpwé. Hannun ya riƙa kumbura, don haka 'yarta ke ɗaukar daro, ita tana gefe tana ciniki da muryar nan tata. Ba ta taɓa fashin ranar ganin likita ba. Ta kawo 'ya'yanta mata huɗu aka duba su, ta kuma riƙa turo matan unguwa da suka ji wani abu a ƙirji, tana ce musu, “Ku je, amma ku nemi Binta, kuma ku tambaya.” Bayan wasu shekaru cutar ta dawo ta ƙashi. Wannan karon ita ta zauna gaban likita, ta ji da kunnenta, ta ce ya isa, gida za ta. A ɗakinta ta rasu, bayan ta yi sallama da kowa.

Ni ban taɓa ƙin bincike ba. Kwalayen nan sun ceci mata, kuma abin da ake yi wa masu sankara yau ai daga irin wannan aikin aka koyo shi. Abin da na tsana shi ne yadda muke raina talaka da sunan tausayi. Mu ce ba za ta gane ba, mu ce ba za ta iya ɗauka ba, alhali mu ne ba mu son zaman rabin yini muna bayani. Da wuya ka ga an ɓoye wa matar babban mutum cutarta don a samu yatsanta a takarda. Matsi da rashin kaya ba su suka hana mu magana da Inna Rakiya ba. Ko turancin kasuwa da muka yi mata, da ta ji.

Ku yanzu kuna da kwamitoci, kuna da takardu a harsuna da yawa, na ji daɗin haka. Amma takarda ba ta karanta kanta, kuma gaggawa tana nan yadda na bar ta. Duk ranar da kuka ɗauki alƙalami za ku rubuta cewa mara lafiya ya ƙi magana, ko ba ya ba da haɗin kai, ku dakata. Ku je bakin gadonsa, ku zauna, ku binciko tambayar da ya yi ta ƙarshe, da wanda ya amsa masa.